Richard Carrington: Mai zanen tabban rana da ya shaida walƙiyar 1859

Da hantsin ranar Alhamis, 1 ga Satumba, 1859, a garin Redhill da ke kudu da Landan, wani mutum mai shekara 33 yana cikin ɗakin nazarin taurarin da ya gina a jikin gidansa, yana aikin da ya saba yi duk ranar da gari ya washe. Ya juya na'urar hangen nesa ta fuskanci rana, amma bai kai idonsa bakinta ba. Ya bar hasken ya ratsa na'urar ya sauka a kan wani faifan gilashi da aka shafe da fenti mai launin busasshiyar ciyawa, inda hoton rana ya fito da faɗin inci 11, wato kimanin santimita 28. A kan wannan hoto akwai wani babban rukunin baƙaƙen tabbai da ya yi kwanaki yana bibiya.

Ya riga ya gama zanen ranar, yana cikin auna matsayin tabban da agogo, sai da ƙarfe 11:18 wasu ɗigo biyu na farin haske mai tsananin ƙarfi suka ɓullo a tsakiyar rukunin. Da farko ya zaci haske ne ya kutso ta wata kafa a jikin abin da ya kare na'urar da shi. Ya motsa hoton, sai ya ga ɗigon suna tafiya tare da tabban, alamar cewa abin a jikin rana yake faruwa. Ya duba agogo, ya ruga ya nemo wanda zai zama masa shaida. Kafin ya dawo, cikin ƙasa da minti ɗaya, hasken ya riga ya fara dushewa. Da ƙarfe 11:23 ya ɓace gaba ɗaya.

Sunan mutumin Richard Christopher Carrington, abin da ya gani kuma shi ne walƙiyar rana ta farko da aka taɓa rubuta labarinta. Kafin gari ya waye washegari, wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suna tartsatsi, sararin sama kuma ya rine ja har a ƙasashe masu zafi. Har yau masana na kiran abin da ya faru da sunansa. Sai dai minti biyar ɗin nan ɗan yanki ne kawai na rayuwar mutumin da ya yi wa ilimi aiki mai yawa, ya nemi kujerar da ta dace da shi har sau biyu bai samu ba, ya kuma rasu shi kaɗai yana da shekara 49.

Ɗan attajirin da aka so ya zama limamin coci

An haifi Carrington ranar 26 ga Mayu, 1826, a unguwar Chelsea ta birnin Landan. Mahaifinsa attajiri ne mai babbar masana'antar giya a Brentford, burinsa kuma shi ne ɗan ya zama limamin coci. Da wannan niyya aka tura shi Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij a 1844. A can ya halarci laccocin Farfesa James Challis, shugaban ɗakin nazarin taurari na jami'ar, zuciyarsa ta karkata ga sararin sama. Ya kammala digirin lissafi a 1848, ya kuma shaida wa mahaifinsa cewa aikin coci ba nasa ba ne.

A watan Oktoba na 1849 ya kama aiki a ɗakin nazarin taurari na Jami'ar Durham, a arewacin Ingila, inda ya riƙa bibiyar taurari masu wutsiya da ƙananan duniyoyi. A 1851 ya tafi ƙasar Suwidin ya kalli cikakken husufin rana na 28 ga Yuli. Amma kayan aikin Durham ba su kai yadda yake so ba. Ya nemi a sabunta su, bai ga alamar za a yi ba, sai ya ajiye aikin a watan Maris na 1852. Halin da zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa ya bayyana tun a nan: mutum ne mai dogon haƙuri da aiki, mai gajeren haƙuri da shugabanni.

Da taimakon kuɗin mahaifinsa ya sayi fili a kan tudu a Redhill, ya gina gida da ɗakin nazari, ya sa na'urori masu kyau. Aikinsa na farko na dare ne. Shi da mataimakinsa suka shafe shekara uku suna auna matsayin taurarin da ke kewaye da ƙuryar arewa ta sama. A 1857 aka buga kundin, ɗauke da taurari 3,735, hukumar sojan ruwan Birtaniya ce kuma ta biya kuɗin bugawar. Saboda ingancin wannan aiki Ƙungiyar Masana Taurari ta Masarautar Birtaniya ta ba shi lambar zinariya a 1859.

Abin da ya ja shi ga rana

Tabban rana ba sabon abu ba ne ga ɗan Adam. Masanan ƙasar Sin sun rubuta ganin baƙin tabo a fuskar rana tun kafin haihuwar Annabi Isa, a lokutan da ƙura ko hazo suka rage mata kaifi. Bayan ƙirƙiro na'urar hangen nesa, Galileo a Italiya da Christoph Scheiner a Jamus sun zana su tun daga wajejen 1611, suka yi ta jayayya a kan mene ne su. Daga nan sha'awar ta lafa, aka ɗauke su a matsayin abin da ke zuwa yana tafiya ba bisa wani tsari ba.

Wanda ya sauya wannan fahimta mai sayar da magani ne a garin Dessau na Jamus, Heinrich Schwabe. Tun 1826 yake duba rana kullum yana ƙirga tabbanta, bayan shekara 17 ya sanar cewa yawansu yana hawa yana sauka a zagaye na kimanin shekara goma. Ba a kula shi sosai ba sai da Alexander von Humboldt ya buga alƙalumansa a 1851. A 1852 Rudolf Wolf na ƙasar Suwizalan ya daidaita tsawon zagayen zuwa kimanin shekara 11. A wannan shekarar kuma Edward Sabine ya lura cewa rikicewar allurar kamfas a duniya tana ƙaruwa tana raguwa daidai da yawan tabban rana.

Wannan ya ja hankalin Carrington. Ya lura cewa an ƙirga tabban, amma ba wanda ya auna inda kowane yake a fuskar rana da irin tsantsenin da ake auna taurari. Ya ɗaura niyyar yin haka na tsawon zagaye guda cikakke, shekara 11. Ya fara ranar 9 ga Nuwamba, 1853. A 1856 ya yi tattaki zuwa Jamus ya gana da Schwabe, ya kuma taimaka wajen sanar da aikin dattijon a Ingila, inda aka ba shi lambar zinariya a 1857.

Yau an san cewa tabon rana wuri ne da ƙarfin maganaɗisu ya taru ya danne zafin da ke tasowa daga cikin rana. Zafin fuskar rana ya kai kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Selsiyos, na tsakiyar tabo kuwa yana wajejen 3,500 zuwa 4,000. Baƙinsa na kwatanci ne kawai: da za a ciro shi a rataye shi a sama da dare, da ya fi wata haske nesa ba kusa ba. Faɗin rana ya ninka na duniyarmu sau 109, shi ya sa tabon da ya fito kamar ƙwayar gero a hoto kan iya haɗiye duniya sukutum, babban rukuni kuwa ya ninka ta sau da dama. Carrington bai san sirrin maganaɗisun ba, domin sai a 1908 George Ellery Hale ya gano shi a Amurka. Abin da ke hannunsa shi ne agogo, da fensir, da juriya.

Yadda ya kalli rana bai rasa idonsa ba

Dabarar da ya yi amfani da ita tsohuwa ce. Ɗalibin Galileo, Benedetto Castelli, yana cikin waɗanda suka fara ta: maimakon a leƙa rana ta cikin na'ura, a bar na'urar ta jefa hotonta a kan farar takarda ko allo, mutum ya juya wa rana baya ya kalli hoton. Carrington ya ƙara mata da nasa. Ya gitta siraran wayoyi biyu a cikin na'urar, inuwarsu na fitowa a kan hoton. Sai ya tsayar da na'urar cak, juyawar duniya ta sa hoton rana ya riƙa ratsa wayoyin sannu a hankali, shi kuma yana rubuta daƙiƙar da gefen rana da kowane tabo suka taɓa kowace waya. Daga waɗannan lokuta yake lissafa ainihin matsayin tabon.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin halittar ido. Tantanin da ke karɓar haske a can ƙarshen ido ba shi da jijiyar jin zafi. Hasken rana na iya ƙona shi mutum bai ji komai ba, sai bayan wasu sa'o'i ya ga duhu ko dishi-dishi a tsakiyar duk abin da ya kalla. Wani ya warke bayan watanni, wani kuma ya zauna da shi har abada. Idan ta cikin na'urar hangen nesa ce, wadda aikinta tara haske wuri guda, ɓarnar kan auku cikin ƙiftawar ido. Isaac Newton da kansa ya taɓa kallon hoton rana a madubi yana saurayi, ya ƙare da kulle kansa cikin ɗaki mai duhu har kwana uku kafin ganinsa ya fara daidaita.

Ka'idar ba ta canza ba daga zamanin Carrington zuwa yau. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya kare ido daga rana, ko da an haɗa biyu ko uku. Haka gilashin da aka turara da hayaƙi, da fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, da faifan sidi. Kallon inuwar rana a ruwan kwano ko bokiti, kamar yadda wasu kan yi lokacin husufi, shi ma bai kuɓutar ba, domin ruwan na mayar da hasken da ya isa ya cutar. Mazauna ƙasashen da hunturu ke sauka suna da ƙarin jarrabawa: idan hazo ya yi kauri, rana kan koma kamar farin faranti a sama, har ido ya ji zai iya tsayawa a kanta. Hazon yana rage kaifin da ke sa mutum runtse ido, amma ba ya tace duk hasken da ke ƙona tantanin.

Abin da masana suka amince da shi kaɗan ne. Akwai tabarau na musamman na kallon rana mai ɗauke da shaidar ma'aunin ISO 12312-2, muddin bai huje ko ya karce ba. Akwai gilashin masu walda mai lamba 14. Ga mai na'urar hangen nesa, matatar haske ta musamman ake ɗaurawa a gaban na'urar, inda haske ke shiga, ba a bakin da ido ke leƙawa ba, domin wadda aka sa a can zafi na iya fasa ta nan take. Bai halatta kuma a sa tabarau ɗin kallon rana sannan a leƙa ta cikin na'ura ba. Sai hanyar Carrington, wato jefa hoto a kan allo, wadda ita ce ta fi dacewa da taron jama'a ko 'yan makaranta, da sharaɗin babba ya tsaya a kan na'urar kada yaro ya kai idonsa.

Abubuwa biyu da alƙaluma suka faɗa masa

Daga tarin ma'aunansa Carrington ya fitar da abubuwa biyu da har yau ake koyarwa. Na farko ya sanar da shi a 1858. Ya lura cewa a ƙarshen zagaye tabbai na matsowa kusa da layin tsakiyar rana, sai kwatsam sababbi su ɓullo can nesa, wajejen digiri 30 arewa da kudu, su ma su fara gangarowa a hankali cikin shekaru. Daga baya wani Bajamushe, Gustav Spörer, ya faɗaɗa binciken, sunansa kuma aka liƙa wa wannan ka'ida, ko da yake Carrington ne ya fara ganin ta.

Na biyu ya fi girma. Masana sun daɗe suna saɓani a kan tsawon lokacin da rana ke ɗauka ta juya sau ɗaya, kowa da nasa adadin. Carrington ya nuna cewa kowannensu na da gaskiya gwargwadon inda ya duba. Tabban da ke kusa da layin tsakiya na kewayowa cikin kimanin kwana 25, waɗanda ke nesa da shi kuwa sukan ɗauki kwana 27 ko fiye. Dunƙulallen abu mai tauri ba ya juyawa haka. Wannan ya zama hujja mai ƙarfi cewa fuskar rana iska ce mai zafi da ke gudana, ya kuma raunana tsohon ra'ayin da ke cewa ƙarƙashin hasken akwai sandararriyar ƙasa mai sanyi. Masanan yau suna ganin wannan bambancin juyawa ne ke murɗe ƙarfin maganaɗisun rana kamar igiya, har ya kai ga haifar da tabbai.

Daren da sama ta yi ja

Idan igiyoyin maganaɗisun da ke saman babban rukunin tabbai suka murɗe fiye da kima, sukan tsinke su sake haɗewa, su saki makamashi mai yawa cikin mintoci. Wannan ita ce walƙiyar rana. Haskenta na isowa duniya cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Sau da yawa kuma rana kan yi aman wani gajimare na iska mai ɗauke da lantarki, wanda yakan ɗauki kwana biyu zuwa huɗu kafin ya ci tazarar kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu. Na 1859 ya iso cikin sa'o'i 17 da rabi da ɗoriya, gudun da ya haura kilomita 2,000 a daƙiƙa guda.

Tun ranar 28 ga Agusta wata guguwar maganaɗisu ta riga ta auku, amma ta 2 ga Satumba ta dame ta ta shanye. Hasken nan mai launi da aka saba gani a sararin ƙasashen ƙanƙara kawai ya bayyana a Kyuba da Jamaika da Hawayi, har da Kolombiya. A tsaunukan Rocky na Amurka masu haƙar zinariya sun farka cikin dare suka fara haɗa karin kumallo, suna zaton gari ya waye. A wasu biranen mutane sun karanta jarida a waje da tsakar dare.

Wayar tangaraho, wadda ita ce babbar hanyar sadarwar zamanin, ta ji jiki. Guguwar ta cusa wutar lantarki cikin dogayen wayoyi, na'urori suka yi tartsatsi, wuta ta ja wasu ma'aikata, saƙonni suka tsaya a wurare da dama. Tsakanin biranen Boston da Portland ma'aikata biyu sun cire baturansu gaba ɗaya, suka ci gaba da aika saƙo na kusan sa'o'i biyu da wutar da sama ta ba su kyauta.

Carrington ya yi sa'ar shaida. Wani mai sha'awar taurari, Richard Hodgson, ya ga walƙiyar a daidai wannan lokaci daga Highgate a arewacin Landan. Shi ta cikin na'ura ya leƙa, da baƙin gilashin kariya, duk da haka hasken ya kashe masa ido na ɗan lokaci. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka Carrington ya ziyarci cibiyar nazari ta Kew, inda aka girka na'urorin da ke zana motsin maganaɗisun duniya a kan takardar hoto dare da rana. A kan takardar ranar 1 ga Satumba akwai wata 'yar zabura a daidai lokacin da ya ga hasken, sannan bayan sa'o'i 17 da wani abu layin ya haukace ya fice daga ma'auni.

A watan Nuwamba mutanen biyu suka gabatar da rahotanninsu a taron ƙungiyar masana taurari. Carrington ya nuna zanensa, ya ambaci abin da aka gani a Kew, amma ya gargaɗi masu sauraro kada su yi gaggawar ɗaura abubuwan biyu a kan misali guda tak. Wannan kamewa ta dace da mai auna abu, sai dai ta bar tambayar a buɗe shekaru masu yawa. A 1892 Lord Kelvin, babban masanin kimiyyar Birtaniya na lokacin, ya yi lissafi ya yanke cewa dacewa ce kawai. Sai a 1904 Walter Maunder na cibiyar Greenwich ya nuna cewa guguwar maganaɗisu kan maimaitu bayan kwana 27, daidai da juyawar rana kamar yadda ake ganin ta daga duniya. Gajimaren da ke ɗauko guguwar kuwa ba a gan shi ba sai a 1971, ta hanyar tauraron ɗan Adam.

Kujeru biyu da suka wuce shi

Lokacin da Carrington ya ga walƙiyar, rayuwarsa ta riga ta fara karkacewa. Mahaifinsa ya rasu a watan Yuli na 1858, nauyin masana'antar Brentford ya faɗo kansa. Ya koma raba kwanakinsa tsakanin littattafan ciniki da littattafan tabban rana. Mafitar da ya hango ita ce ya sami shugabancin wani ɗakin nazari na jami'a, mai albashi da mataimaka, ya bar kasuwanci.

Dama ta farko ta zo da rasuwar Manuel Johnson, shugaban ɗakin nazari na Radcliffe a Oksfod, a 1859. Carrington ya nema, amma a 1860 aka bai wa Robert Main, wanda ya daɗe yana babban mataimaki a Greenwich. A wannan shekarar aka zaɓi Carrington mamban Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarauta, girmamawar da ba ta zuwa da albashi. Dama ta biyu ta zo a 1861, lokacin da tsohon malaminsa Challis ya sauka daga shugabancin ɗakin nazari na Kambirij. Aka bai wa John Couch Adams, wanda ya yi suna da lissafin da ya hango duniyar Neptune kafin a gan ta. Adams gwanin lissafi ne na gaske, amma ba a san shi da kwana a bakin na'ura ba. Carrington, wanda ke da kundin taurari da lambar zinariya da shekara bakwai na ma'aunin rana, ya ɗauki abin a matsayin wulaƙanci, bai kuma ɓoye fushinsa ba.

Ranar 24 ga Maris, 1861, ya yi ma'auninsa na ƙarshe. Ya sayar da gidan Redhill da na'urorinsa, shekara huɗu kafin cikar zagayen da ya yi alkawari. Duk da haka bai bar aikin ya ruɓe a akwati ba. A 1863 ya buga littafin da ya tattara ma'aunai 5,290 na rukunan tabbai 954, tare da zane-zane da lissafin juyawar rana. A 1864 makarantar kimiyya ta Faransa ta ba shi kyautar Lalande.

Ƙarshe mai ɗaci

A 1865 ya yi wata doguwar jinya da ba ta bar shi yadda yake ba. Ya sayar da masana'antar, ya koma wani ƙauye mai suna Churt a gundumar Surrey, ya gina sabon ɗakin nazari a kan wani tudu da ke keɓe. Yanzu yana da lokaci da kuɗi, amma ƙarfin ya tafi, babu wani muhimmin bincike da ya fito daga can.

Ya yi aure a 1869. A 1871 wani mutum da matar, Rosa, ta taɓa zama da shi kafin auren ya zo gidan ya daɓa mata wuƙa. Ta rayu, aka yanke wa maharin ɗaurin shekara 20, amma shari'ar ta baza sirrin gidan a jaridu. A watan Nuwamba na 1875 aka wayi gari Rosa ta rasu sakamakon yawan maganin barcin da take sha, masu binciken mutuwar kuma suka zargi mijin da rashin samar mata kulawar da ta kamata. Kwana goma bayan haka, ranar 27 ga Nuwamba, Carrington ya rasu shi kaɗai a cikin gidan. Binciken hukuma ya ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwarsa.

Abin da ya rage

A 1859 abin da guguwar ta samu ta taɓa shi ne wayar tangaraho. Yau akwai layukan wutar lantarki masu tsawon dubban kilomita, da taurarin ɗan Adam, da jiragen sama masu dogaro da rediyo da GPS. Ranar 13 ga Maris, 1989, guguwar da ba ta kai ta Carrington ba ta durƙusar da wutar lardin Quebec na Kanada, mutane miliyan shida suka zauna cikin duhu na sa'o'i tara. A watan Yuli na 2012 rana ta yi aman gajimaren da masana suka kwatanta da na 1859, ya ratsa hanyar da duniya ke bi, amma duniya ba ta wurin. A watan Fabrairu na 2022 wata 'yar ƙaramar guguwa ta jawo asarar kusan sababbin taurarin Starlink 40. A watan Mayu na 2024 wani babban rukunin tabbai ya haifar da guguwa mafi ƙarfi cikin shekara 20, har na'urorin GPS na taraktocin manoma a Amurka suka rikice ana tsakiyar shuka.

Najeriya ba ta cikin yankin da irin wannan guguwa ta fi dukan layukan wuta, amma tana kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda saman sararin iska kan hargitse bayan faɗuwar rana ya gurɓata saƙonnin taurarin ɗan Adam. Wannan na cikin abubuwan da Cibiyar Binciken Sararin Iska ta hukumar NASRDA da ke Anyigba a Jihar Kogi take bibiya. Duk mai tsara yadda za a kare sadarwa ko zirga-zirgar jiragen sama daga fushin rana, a ko'ina yake, tambayar da yake farawa da ita ita ce me zai faru idan irin ta 1859 ta dawo. Ana iya yin wannan tambaya ne saboda wani ya rubuta lokacin daidai da minti, ya zana wurin, ya nemi shaida.

Ba girman tabo kaɗai ke kawo guguwa ba. Rukuni mafi girma da aka taɓa aunawa, na Afrilu 1947, ya wuce ba tare da wata babbar ɓarna ba. Abin da masu hasashe ke dubawa shi ne yadda maganaɗisun rukunin ya cakuɗe, da kuma ko yana fuskantar duniya. Don su faɗi inda rukuni yake a fuskar rana, suna amfani da tsarin layukan da Carrington ya shimfiɗa. Suna kuma ƙirga juyawar rana, kowace kimanin kwana 27 da sa'o'i shida da rabi, da lambobi masu ɗauke da sunansa. Lamba ta ɗaya ta fara ne ranar 9 ga Nuwamba, 1853, ranar da ya fara zane a Redhill. Ƙirgar ta haura 2,200, ba a kuma tsallake ko ɗaya ba.